Baƙin Kaka a Tafkin Sakumo da Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Kyamara

Duk shekara, daga watan Agusta har cikin Nuwamba, bakin tekun Ghana kan cika da tsuntsayen da ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Da zarar kaka ta kama a arewacin duniya, yini ya fara gajarta, ƙwari suka yi ƙaranci, sai su kamo hanyar kudu. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsayen daji kaɗai, kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai su ƙetare Sahara a kowace kaka. Lissafin bai haɗa da na bakin ruwa ba, masu dogayen ƙafafu da tsinin baki, waɗanda ke biyo gaɓar Atlantika ta Maroko da Muritaniya da Senegal har su iso mana. A daidai wannan lokaci na cikin gida ma suna nasu ƙauran. Shamuwa takan bar ƙasar Hausa da ɗaukewar ruwan sama, shirwa kuma ta gangaro kudu, ka gan ta tana jewa a saman Nima da Mamobi har damina ta kewayo.

Mu mazauna Akra, zangon waɗannan matafiya a ƙofar gidanmu yake. Tafkin Sakumo na nan tsakanin Nungua da Tema. Wanda ya hau trotro ta titin bakin teku zuwa Tema yana wuce shi ta hannun hagu. A yamma kuma ga bakin kogin Densu da tafkunan gishirinsa. Su biyun suna cikin wurare 5 na gaɓar teku da aka sanya a 1992 ƙarƙashin yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Sauran su ne Muni-Pomadze a Winneba, Songor a Ada, da Keta. Owabi da ke kusa da Kumasi ya riga su shiga tun 1988.

Shekarun baya, idan ka ga mutum tsaye a gefen Sakumo da madubin hangen nesa a wuya, to Bature ne ko ɗalibin jami'ar Legon da malaminsa ya turo. Yanzu akwai samari da 'yan mata daga Nima, Sabon Zango, Fadama da Ashaiman da kan fita bayan sallar asuba ranar Asabar, wasu da waya kawai, wasu da kyamarar da suke ɗaukar biki da suna da ita. Ina murna da wannan ƙwarai. Al'ummar da ke karanta Suratul Mulk, inda aka tambaye mu ko ba mu dubi tsuntsaye a samanmu ba suna shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, ta cancanci ta ɗaga kai ta duba. Amma kallo daban, ɗaukar hoto daban. Mai kallo yakan ƙoshi daga nesa. Mai hoto kuwa, komai kusancinsa, zuciya na raya masa ya ƙara taku ɗaya. Wannan takun yana da tsada, kuma tsuntsun ne ke biya.

Sai an san yadda yake tafiyar kafin a gane abin da ake ɗauke masa. Guzurinsa a jikinsa yake, wato kitse. Makonni kafin tashi yakan duƙufa ga ci, har wasu ƙananan su kusan ninka nauyinsu. Kitsen nan shi ne abincinsa a sama, kuma idan jiki ya ƙona shi yakan samar da ɗan ruwa. Faɗin Sahara ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, babu abin kirki da za a tsinta a ciki, don haka wanda ya iso wannan gefe a rame yake isowa. Wani har naman ƙirjinsa ya fara zaizayewa, domin idan kitse ya ƙare jiki kan koma cin tsoka.

Akwai wani ɗan tsuntsun bakin teku da masana ke kira sandalin, fari ta ciki, toka-toka ta baya, baki da ƙafafu baƙaƙe. Shi ne kake gani yana bin igiyar ruwa da gudu idan ta janye, ya juyo a guje idan ta dawo. Nauyinsa a nan gram 50 ne zuwa 60, amma can Girinlan yake sheƙa. A gaɓar Esiama, a ƙasar Nzema da ke yammacin Ghana, masu bincike na Ghana da Holan sun daɗe suna sa musu zobba masu launi a ƙafa don a riƙa shaida kowanne. A watan Agustan 2009 aka ɗauki hoton ɗaya daga cikinsu a kudancin Norwe, cikin kwana 5 aka gan shi a Esiama, tafiyar kilomita 6,000. Hoto ne ya tabbatar da labarin, shi ya sa ba zan taɓa cewa a ajiye kyamara ba. Amma ka auna halin da ya sauka a ciki. Abu biyu yake buƙata a kwanakin farko, ci da barci.

Babu aikin da ke cin ƙarfin tsuntsu kamar tashi sama. Duk lokacin da ka matsa har garke ya tashi, ya kewaya ya sake sauka, ya ƙona abin da ya tara, ya kuma yi asarar mintocin kiwo. Lokacin kiwon nan ƙayyadadde ne. Teku kan cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, a tafki kuma tsutsa da ƙananan dodon koɗi ba sa samuwa sai inda zurfin ruwa ya yi daidai da tsawon ƙafarsa da bakinsa. Mai hoto zai ce ai sau ɗaya ne. Gaskiya ne, sau ɗaya ba ya kisa. Sai dai kafin ka zo kare ya kore su, masu jan taru sun wuce, shaho ya kawo farmaki, ɗan okada ya bi ta kan rairayi, a bayanka kuma wasu masu kyamara na tafe. Ba za ka ga gawa a ranar ba. Illar kan fito a Maris ko Afrilu, lokacin komawa gida, sa'ad da wanda bai tara isasshen kitse ba ya makara, ko ya tashi ya kasa kaiwa.

Tsuntsu kuwa ba ya tashi bagatatan, yakan ba da alama. Ka zauna ka lura da garken da ke hutawa a kan tudun laka. Suna tsaye da ƙafa ɗaya, baki cuse cikin gashin baya, ido a lumshe. Ka tako, sai na bakin garke ya zaro baki ya miƙe wuya. Ka ƙara, ya sauke ɗaya ƙafar. Ka ƙara, wasu su fara takawa a hankali suna ba ka baya, wani ya riƙa dukar da kai yana ɗagowa, zakaran kekuwa ya fasa ƙara mai kaifi wadda duk tafkin ke fahimta. Tun daga sauke ƙafar nan ka shiga haƙƙinsu. Ƙayyade mita kaza a allo ba ya wadatarwa, tunda zalɓe kan tashi tun kana can nesa, sandalin kuma kan bari ka matso. Ma'aunin da na yarda da shi ɗaya ne: idan tsuntsu ya bar abin da yake yi saboda kai, ka tsaya, idan bai koma ba, ka ja baya. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne mai tafa hannu ko jifa da gangan don garke ya tashi ya sami fukafukai a sama. Wannan zalunci ne, ko da hoton ya ci gasa.

Samarinmu na da ƙorafi a nan, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa wannan wa'azi na masu hali ne. Baƙon da ya zo da dogon gilashin kyamara, wanda kuɗinsa ya fi hayar ɗaki na shekaru a Nima, yana iya tsayawa nesa ya cika hotonsa da idon tsuntsu, mai waya kuwa in bai matsa ba ɗigo zai samu. Na yarda ba a yi daidai ba. Sai dai tsuntsun bai san wa ke da kuɗi ba, kuma bai kamata shi ya cike giɓin ba. Dabaru na nan. Ana ɗora idon waya a bakin madubin hangen nesa a sami hoto mai kyau, kuma mutum biyar na iya haɗa kuɗi su sayi madubi ɗaya. Mota ma maɓoya ce, don ba sa tsoronta kamar yadda suke tsoron mutum a tsaye. Babbar dabarar ita ce zama. Ka riga su zuwa, ka sa tufafi marasa ƙyalli, ka zauna ƙasa inda ruwa zai turo su, ka daina motsi. Wanda ya tako da kansa ya zo gabanka yana kiwo, hotonsa ya fi na wanda aka bi, domin shi wanda aka bi ƙeyarsa ake samu.

Sai batun kunna kuka, wanda ya fi kowanne jawo gardama tsakanin masu wannan harka. A kurmi mai duhu irin na Kakum, Atewa, Ankasa, ko Bobiri da ke kusa da Kumasi, kunne ya fi ido aiki; za ka ji tsuntsaye da yawa kafin ka ga ɗaya. Don haka jagora kan ciro waya da 'yar lasifika ya kunna kukan wanda ake nema. Namijin da ke riƙe da wurin sai ya ɗauka wani ya kutso masa gida, ya bar kiwo, ya bar gadin sheƙa, ya fito fili yana neman faɗa da wanda babu shi. Dabarar maharban da ce, masu ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa har dabba ta ɗauka tsuntsu ne, sai dai a nan ba kibiya ake saki ba.

Binciken masana bai taru a kan magana ɗaya ba. Wani da aka buga a 2002 kan wasu ƙananan tsuntsaye a Kanada ya nuna cewa idan aka yi amfani da lasifika aka sa babban namiji ya zama kamar an ka da shi a gasar kuka, matarsa da ke saurare takan nemi wani a ɓoye, har a sami 'ya'yan wani a sheƙarsa. Kunnawar 'yan mintoci ce ta jawo haka. Wani kuma da aka buga a 2013 daga dajin Ekwado ya ga cewa tsuntsayen kan tayar da hankali da farko, amma idan aka yi ta maimaitawa kullum har kusan mako biyu sai su saba su daina kulawa. Masu kare dabarar kan kafa hujja da wannan, su ƙara da cewa gara a kira tsuntsu ya fito bakin hanya na minti ɗaya da a bar mutum goma su kutsa daji suna tattake komai. Hujjar na da ƙarfi. Ni dai wannan sabo bai kwantar mini da hankali ba. Namijin da ya koyi yin biris da kukan mai kutse, yaya zai yi ranar da na gaske ya zo?

Mu kuma duba wanda ke riƙe da lasifikar. Yawanci ɗan ƙasa ne, jagora, wanda baƙo ya biya da dala ya zo da jerin sunayen da yake son gani cikin mako biyu ko uku. Ghana na da nau'in tsuntsaye sama da 700, akwai masu zuwa da burin ganin fiye da rabinsu a tafiya ɗaya. Idan jagora ya ƙi kunnawa, baƙo ya koma gida ya rubuta cewa bai iya aiki ba. Ba zan zauna a Akra in yanke wa mai neman abincin iyalinsa hukunci ba. Abin da zan roƙa shi ne a yi ƙasa da murya, a kashe da zarar ya amsa, kada a kunna kusa da sheƙa ko ga nau'in da ya yi ƙaranci, kada kuma a mai da bishiya ɗaya tashar da kowace mota ke tsayawa ta kunna. A bakin teku kuwa, inda komai a fili yake, ba shi da uzuri ko kaɗan.

Sheƙa ta fi komai haɗari. Baƙin kaka ba sa haihuwa a nan, amma 'yan gida na yi, kuma da yawa daga na bakin tafki a ƙasa suke zuba ƙwai, cikin ɗan rami a rairayi ko busasshiyar laka, launinsa ya saje da ƙasa har kana iya takawa ba ka sani ba. Akwai wata ƙarama da idan ta hango mutum sai ta yi sauri ta tura rairayi da ƙafa ta rufe ƙwanta, sa'annan ta ruga gefe tana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, don ka bi ta ka bar wurin. Wanda bai sani ba sai ya tsaya yana ta ɗauka, yana ganin ya yi dace. Alhali duk mintin da uwar ta yi a waje ƙwan na gasuwa, domin a zafin rana irin namu jikinta ne inuwarsa. Hankaka kuma na kan turken lantarki yana kallo. Ya san inda mutum ya tsaya ya sunkuya akwai abu, kana barin wurin zai sauko. Masu datse reshe ko janye ganye don haske ya shiga sheƙa su ma ƙofa suka buɗe wa maciji da shaho.

A wannan ba sai an kawo mana ƙa'ida daga waje ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa suna cikin tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Da ya dawo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya ce a mayar mata. Ba a yanka su ba, ba a ji musu ciwo ba. Tashin hankalin uwar kaɗai ya isa dalilin tsawatarwa.

Amma ga inda maganar ta yi sarƙaƙiya. Kusa da ƙauyen Bonkro a yankin Ashanti, kudu da Kumasi, akwai wani tsuntsu mai sanƙo ruwan ɗorawa da baƙin tabo a kowane gefen kai, farin wuya, doguwar jela, wanda masana ke kira fikatatis. Daga Gini zuwa Ghana kaɗai ake samunsa. Da laka yake gina sheƙarsa, a jikin dutse mai rumfa cikin kurmi. Tun shekarun 1960 aka daina ganinsa a Ghana har aka fid da rai, sai a 2003 aka sake gano shi. Yau mai son ganinsa sai ya hau tudu da jagoran ƙauye, ya zauna kan benci a gaban dutsen da sheƙun suke, ya yi shiru har la'asar sakaliya tsuntsun ya dawo yana tsalle daga igiyoyin kurmi zuwa kan dutse. Wato daidai abin da na ce a guje wa. To amma kuɗin baƙin ya samar wa matasa aikin jagora, ya taimaka wajen gina makaranta, ya sa mutanen ƙauyen suka zama masu gadin dajin da masu injin yankan katako ke hari. Da za a hana zuwa, tsuntsun zai sami shiru na ɗan lokaci, daga baya ya rasa dajin baki ɗaya. Abin da ya sa na yarda da Bonkro shi ne akwai mai cewa a'a. Wurin zama sananne ne, ba a tashi a bi shi, ba a taɓa sheƙa, akwai lokacin sauka. A Sakumo babu mai tsawata maka sai kanka.

Yawancin ƙa'idojin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don ƙasashen da iyakar illar bayyana wurin tsuntsu ita ce cunkoson masu kyamara. Tamu ta fi haka muni, domin a nan akwai kasuwa. Duk wanda ya girma a Akra ko Kumasi ya san lokacin da ungulu ke cika rufin kwata da kan bola, ba mai ko kallonta. Yau sai ka daɗe ba ka ga ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a sahun masu gab da ƙarewa. Cikin dalilan akwai guba, da sare dogayen bishiyoyin da take sheƙa, da cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsubbu, cinikin da ke ƙetare iyaka har Benin da Najeriya. Ba zan ɓoye ba, cikin masu wannan fatauci akwai masu magana da harshenmu, kuma wayar da muke riƙewa su ma suna riƙe da ita. Ƙwai ɗaya ungulu take yi, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, kuma da rani take yi, wato bayan kakar nan. Idan ka wallafa hotonta a sheƙa ga hasumiyar masallacin unguwa a bayanta, ka yi wa mai nema kwatance.

Haka aku. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta mai toka-toka da jar jela tun daga 1992, saboda kamu don sayarwa da sare manyan itatuwa. A 2016 ɗin ne kuma taron CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji a duniya, a Johannesburg ya hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Manhajar eBird ta jami'ar Cornell, inda masu kallo ke zuba abin da suka gani, takan ɓoye ainihin wurin da aka ga nau'o'in da 'yan kasuwa ke farauta. Mu ma mu koyi haka. Waya kan liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi idan ba a kashe ba, kuma tura shi a matsayin fayil ta WhatsApp kan tafi da bayanin duka. Idan aka tambaya a ƙarƙashin hoto, "Yaya, a ina ne wannan?", sunan yanki ya isa amsa. Mujiya ma a rufa mata asiri. Camfi ya sa duk inda aka ji tana kwana a silin sai an kashe ta, alhali ɓeraye take rage mana.

Wani abin da ya keɓanta da mu shi ne kuɗi a hannun yara. Tsattsewar teku mai ƙirji ruwan hoda, wadda mafi yawan na Turai ke haihuwa a ɗan tsibirin Rockabill kusa da Dublin a Ailan, a gaɓarmu take cin rani. A shekarun 1970 da 1980 adadinta ya faɗi warwas. Cikin abin da aka gano akwai yaran bakin teku da ke kama su da zarge, su sa ɗan kifi a tsakiya, don wasa ko don nama. A 1985 aka kafa shirin ceton tsuntsayen bakin teku, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta da haɗin gwiwar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB. Daga cikinsa ne ƙungiyoyin namun daji na makarantu suka fito, Ghana Wildlife Society kuma ta farfaɗo. Da koyarwa aka shawo kan yaran, aiki na shekara da shekaru, wanda mai kyamara ɗaya ke iya warwarewa da 'yan sidi.

Wata safiya a gaɓar yamma da Akra wasu yara biyu suka tare mu. Babban na riƙe da tsattsewar teku, an ɗaure ƙafarta da zaren taru, baki a buɗe tana haki, gashin fiffikenta ɗaya ya murɗe. Ya ɗaga ta sama yana nuna kyamarorinmu, ɗaya hannun a shimfiɗe. Wani ƙanenmu mai taushin zuciya ya sa hannu a aljihu.

"Baba, bari in saya in sake ta."

Dattijon da ke cikinmu ya riƙe masa hannu. "A'a, ɗana. In ka biya yau, gobe biyar za ka tarar."

Ya tsuguna ya yi wa yaran magana da harshen Ga, ya nuna musu a waya taswirar inda ta fito, ya bar babban ya kwance zaren da kansa. Ta daɗe a kan rairayi kafin ta iya tashi. Sayen tsuntsu don a sake shi, da sayensa don a ɗora kan reshe a ɗauka a ce na daji ne, duk ɗaya ne a wurin mai tarko: ya sami mai saye. Doka ma tana nan. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta da kamun namun daji a duk ƙasar, daidai lokacin saukar baƙin.

Ƙaramin jirgi marar matuƙi ba sai an tsawaita ba. Tsuntsun da ke ƙasa, duk abin da ya gifta ta samansa shaho yake ɗaukarsa, guda ɗaya kan tayar da tafki sukutum.

Tafkunan nan kuma suna da masu su. Sakumo wuri ne mai alfarma ga mutanen Ga na Tema, akwai wulomo mai kula da al'adarsa, akwai lokutan da ake rufe kamun kifi. Masunta da mata masu kwasar gishiri ko ƙaguwa mutane ne a bakin sana'arsu; a gaishe su, a nemi izini kafin a sa su cikin hoto. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan aka ba su masauki mun san darajar sallama. Su ne kuma suka san inda tsuntsayen ke kwana da watan da suke zuwa, fiye da kowace manhaja.

In aka auna, babbar barazanar Sakumo gini ne, ya fi gaban mai kyamara. An cike gefen tafkin da ƙasa an kafa gidaje, magudanai na zubo masa dagwalo da leda, ciyayi na cinye filin lakar da ake kiwo. Hukumomi sun sha kai motocin rusau, katangu na sake tashi. A nan ake buƙatar masu hoto, kuma irin hoton da ake buƙata ba ya neman a matsa kusa. Akwai hoton garke daga nesa wanda za a iya ƙirgawa, da kwanan wata a jikinsa. Akwai hoton ƙafa mai zobba, ko da ya ɗan dushe, muddin ana gane jerin launukan da ƙafar da kowanne yake, domin masu binciken da suka sa su kan maido da tarihin tsuntsun gaba ɗaya ga wanda ya aika. A watan Janairu akan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, Ghana na cikin masu yi, kuma aiki ne mai son ido da yawa. Sai wanda na fi so samarinmu su riƙe: a zaɓi wuri ɗaya a gefen titin Tema, a tsaya a nan kowace Oktoba, a ɗauki tafkin da faɗinsa har da gine-ginen da ke bayansa, a ajiye, a miƙa kwafi ga sashen namun daji na hukumar gandun daji ko ga Ghana Wildlife Society. Wayar da ke aljihu ta isa wannan aikin.